Su Waye Ke Farkawa Tare Da Kwamfuta Idan An Kunna Ta?

An ɗauke wuta tun azahar, batirin kwamfutar tafi-da-gidanka kuma irin na kwancen Turai ne, wanda in ya yi awa guda sai a ce ya yi ƙoƙari. Ɗalibi na son gyara shafi biyu a babi na uku na furojet ɗinsa ya tura wa malami kafin la'asar. Ya kunna, ya sa kalmar sirri, fuskar kwamfuta ta bayyana, amma da ya danna Word sai shiru. Alamar jira na ta juyawa, fanka na huci. Can sai Spotify ya buɗe kansa, Teams ya biyo baya, wata manhajar sauke fayiloli da ya manta ma yana da ita ta leƙo daga kusurwa tana neman a sabunta ta. Kafin Word ya amsa, an cinye mintuna daga batirin da dama bai taka kara ya karya ba. Da ya jona kwamfutar da intanet ɗin wayarsa kuma, data ta fara zurarewa tun bai buɗe imel ba.

Yawancin masu irin wannan kwamfuta sukan yanke hukunci cewa ta tsufa, ko kuma su kai wa mai gyara ya yi mata fomatin. Alhali sau da yawa matsalar tana cikin wani ɗan jeri da ba kowa ke leƙawa ba: jerin manhajoji da umarnin da aka ba izinin tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ba tare da sun tambayi kowa ba.

Mai wayar Android ya riga ya san kwatankwacin wannan. A wayoyin Xiaomi, da wasu na Tecno da Infinix, akwai wurin da ake kira Autostart, inda ake hana manhaja farkawa da kanta. Google ma, tun daga Android 8 da ta fito a 2017, ya taƙaita abin da manhaja za ta iya yi a ɓoye idan ba a buɗe ta ba. A kwamfuta ƙofar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Duk manhajar da mutum ya buɗe a Windows, ko sau ɗaya ne, tana iya rubuta sunanta a jerin masu tashi na wannan mai amfani, ba tare da neman izinin shugaban kwamfuta ba, ba tare da wani akwatin tambaya ya fito ba. Da wannan damar manhajojin kirki suke amfani, da ita kuma ɓata-gari suke amfani.

Inda jerin yake a Windows

A Windows 10 da Windows 11 hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Settings, a zaɓi Apps, sannan Startup. Wannan shafi ya zo ne da sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, kuma kamanninsa ba su da bambanci da saitin waya: sunan manhaja, sai maɓallin kunnawa da kashewa a gabansa. Hanya ta biyu, wadda ta fi ba da bayani, ita ce a danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, Task Manager ya buɗe, a je sashen Startup. Wannan sashe ya fara ne da Windows 8 a 2012. Kafin nan sai dai a rubuta msconfig, abin da masu gyara kaɗai suka fi sani.

A gaban kowace manhaja Windows tana rubuta nauyinta: High, Medium ko Low. Ba kintace ba ne, akwai ma'auni. Manhajar da ta riƙe ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai fiye da daƙiƙa ɗaya a lokacin tashi, ko ta karanta ko rubuta fiye da megabayit 3 a faifan ajiya, ita ce High. Wadda ba ta kai kashi uku cikin goma na daƙiƙa ba, kuma ba ta kai kilobayit 300 ba, ita ce Low. Abin da ke tsakani shi ne Medium.

Mai karatu zai iya cewa ai daƙiƙa ɗaya da megabayit 3 ba komai ba ne. A kwamfuta mai faifan SSD, gaskiya ne. Amma tsofaffin kwamfutoci da yawa da ke hannun ɗalibai har yanzu faifan HDD ne a cikinsu, wanda ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke zirga-zirga a kansa tana neman bayanai. Idan manhajoji goma sha biyu suka taso lokaci guda, kowacce na neman abu a wani ɓangare daban na faifan, sai abin ya zama kamar mai shago ɗaya da masu saye goma sha biyu, kowa na kiran kayansa daga kanta daban. Rabin lokacin a kai-kawo yake ƙarewa. In kuma ma'adanar wucin gadi ta RAM gigabayit 4 ce kawai, tana cika sai Windows ta fara jibge ragowar a kan wannan faifan da dama ya jigata.

Kashe manhaja a wannan jeri ba goge ta ba ne. Tana nan, ranar da aka buƙace ta a danna ta buɗe. Don haka Spotify, Teams, Zoom, Steam, manhajojin sauke fayiloli da irinsu, babu dalilin da zai sa su tashi da kansu a kwamfutar da batirinta ke da rauni. Waɗanda ya kamata a bari su ne na kariya daga ƙwayar cuta, da masu kula da sauti da wurin shafa yatsa, irin masu ɗauke da sunan Realtek ko Synaptics. OneDrive da Google Drive kuwa sai an yi tunani. Suna cin data, amma duk wanda ya kashe su ya sani cewa fayilolinsa sun daina hawa intanet har sai ya buɗe su da hannunsa. Wanda ya kashe OneDrive ya manta, wata uku bayan nan faifansa ya mutu, zai tarar da tsohon kwafi ne kawai a can. In matsalar data ce, ya fi kyau a shiga saitin Wi-Fi na hotspot ɗin wayar a kunna Metered connection, don Windows ta san cewa wannan layin na kuɗi ne ta rage zari.

Rubutaccen umarni

Ba manhajoji kaɗai ke tashi da kwamfuta ba. Akwai kuma abin da masana ke kira script, wato rubutaccen umarni: fayil ne na rubutu zalla, wanda ake iya buɗewa a Notepad a karanta, amma kowane layi a cikinsa umarni ne da kwamfuta za ta zartar. A Windows sunansa yakan ƙare da .bat, .cmd, .vbs, .js ko .ps1, a Linux da Mac kuma galibi .sh. Tsohuwar dabara ce. Tun zamanin MS-DOS a shekarun 1980 akwai fayil mai suna AUTOEXEC.BAT, wanda kwamfuta ke karantawa layi bayan layi duk lokacin da aka kunna ta.

Magajin wancan fayil a yau wata folda ce. Idan aka danna maɓallin Windows tare da R, aka rubuta shell:startup, aka danna Enter, za ta buɗe. Duk abin da aka ajiye a cikinta zai tashi da zarar mai wannan asusun ya shiga. In aka rubuta shell:common startup kuma, ta kowa da kowa ce za ta buɗe, wadda ke aiki ga duk masu amfani da kwamfutar, ita kam sai da izinin shugaba ake saka abu a ciki.

Ɗalibin nan mai furojet zai iya cin moriyar wannan folda da layi ɗaya tak. A ce aikinsa yana cikin folda mai suna Furojet a faifan C, kuma yana da katin ajiya ko wani faifai da kwamfuta ke kira D. Sai ya buɗe Notepad ya rubuta:

robocopy "C:\Furojet" "D:\Ajiya" /E /XO

Ya adana da suna ajiya.bat, ya jefa a foldar tashi. Daga ranar, duk shigar da ya yi, kwamfuta za ta kwafe aikinsa zuwa D. Alamar /E na nufin a haɗa da ƙananan foldojin ciki, /XO kuma na nufin kada tsohon fayil ya danne sabo. Akwai wata alama, /MIR, da ake yawan gani a misalan intanet, wadda ke mayar da foldar ajiya daidai da ta asali. Haɗarinta shi ne duk abin da aka goge a asali, ko da bisa kuskure ne, za ta goge shi a ajiyar ma a shiga ta gaba. Wanda bai fahimce ta ba ya bar ta.

Wurare biyu ne sabon shiga ya fi tuntuɓe. Na farko, Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai mutum ya ɗauka ya adana ajiya.bat alhali ajiya.bat.txt ya adana, wanda ba zai yi komai ba illa buɗe Notepad. Maganinsa a shiga View a cikin File Explorer a kunna File name extensions. Na biyu, fayil ɗin PowerShell mai ƙarewa da .ps1 ba ya zartuwa don kawai an ajiye shi a foldar; Windows takan buɗe shi a matsayin rubutu ne, sai an yi masa gajeriyar hanya da ke kiran powershell.exe.

Wanda ke son umarninsa ya ɗan jira kwamfuta ta huce kafin ya fara, sai ya koma Task Scheduler, inda ake iya cewa a fara aiki minti ɗaya ko fiye bayan shiga. A nan akwai wani tarko da ya shafi duk wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas. A sashen Conditions akwai akwatin da ke cewa kada a fara aikin sai kwamfuta tana jone da wuta, kuma a sabon aiki yakan zo ne a kunne. Ma'ana, duk ranar da aka kunna kwamfuta a kan batir, umarnin ba zai tashi ba, kuma ba zai sanar da kowa ba. Mutum na can yana ganin ana kwafe masa aiki kullum, ashe sai ranar da aka kawo wuta. A cire alamar da ke cikin akwatin.

A ofisoshi da ɗakunan kwamfuta na makarantu akwai mataki na gaba, wato Group Policy, da ake buɗewa da gpedit.msc a nau'in Pro da na kamfanoni, babu shi a nau'in Home. A can an raba umarnin gida biyu: na kunna kwamfuta da kashe ta, waɗanda ke aiki da cikakken ikon babbar manhaja tun kafin kowa ya sa kalmar sirri, da na shiga da fita, waɗanda ke aiki da iyakar ikon mai asusun. Abin lura shi ne ayyukan Task Scheduler da umarnin Group Policy ba sa fitowa a shafin Startup na Settings. Wato jerin da ke can bai cika ba.

Masu Mac da Linux

A Mac, tun daga macOS Ventura ta 2022, wurin yana cikin System Settings, General, sannan Login Items. Sama akwai masu buɗewa lokacin shiga, ƙasa kuma masu aiki a ɓoye. Apple ya ƙara wani abu mai amfani: duk lokacin da wata manhaja ta saka kanta a jerin, sanarwa takan fito. Windows 11 ma tana da irin wannan sanarwa a sashen Notifications, mai suna Startup App Notification, kuma ta cancanci a kunna ta.

A Linux, kowane abin da zai tashi lokacin shiga yana da ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop a cikin foldar ~/.config/autostart. Wasu nau'o'in Ubuntu na da Startup Applications don sarrafa su. Fuskar KDE Plasma ta fi kowa sakin jiki da rubutaccen umarni: a System Settings, sashen Autostart, akwai maɓallin ƙara umarnin shiga da na fita kai tsaye. Sharaɗin shi ne a fara ba fayil ɗin izinin zartuwa da chmod +x, in ba haka ba zai zauna a jerin yana kallon mai shi. Wanda ke son sanin abin da ke jan lokaci wajen tashi kuma ya rubuta systemd-analyze blame, zai ga jerin ayyuka daga mafi jinkiri zuwa mafi sauri.

Baƙon da ba a gayyata ba

Ƙwayar cutar kwamfuta tana da matsala guda: da an kashe kwamfuta, ta mutu, sai in ta sami hanyar farkawa gobe. Shi ya sa kusan abu na farko da take yi shi ne neman gurbi a jerin masu tashi. A watan Mayun 2000, wani rubutaccen umarni na VBScript da ya fito daga ƙasar Filifin, wanda aka fi sani da ILOVEYOU, ya bazu ta imel ya kama miliyoyin kwamfutoci a duniya cikin 'yan kwanaki. Sunan fayil ɗin ya ƙare ne da .TXT.vbs, amma da yake Windows na ɓoye ƙarshen, mutane suka ga kamar wasiƙa ce kawai. Da an buɗe, sai ya rubuta kansa a kundin rajistar Windows, a sashen da ake kira Run, don ya dawo duk lokacin da aka kunna.

Dangin wannan dabara ne duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya sani. An je an buga takarda, an dawo gida, an soka filash, sai a tarar duk fayiloli sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a kusurwa. Ɗaya daga cikin sanannun masu wannan aiki shi ne wanda kamfanin Microsoft ke kira Jenxcus, wanda har ya shigar da ƙara a kansa a wata kotun Amurka a watan Yunin 2014. Yadda irin waɗannan ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Suna ɓoye fayilolin gaskiya, su ajiye gajerun hanyoyi masu sunayensu. Mai filash ya danna, fayil ɗinsa ya buɗe kamar ba komai, amma a bayan fage umarnin ya zartu, ya kwafe kansa cikin kwamfutar, ya shiga foldar tashi da sashen Run. Daga nan duk filash ɗin da aka soka ya kamu. Kuma ba ɓoye fayil ne iyakar ɓarnar ba, domin Jenxcus kan buɗe wa wani da ke nesa ƙofar aika wa kwamfutar umarni.

A nan ne mutane da yawa ke yin maganin ƙaba kai na kumbura: su yi wa filash fomatin, su yi asarar fayilolin da dama ba a goge ba, su mayar da shi cikin kwamfutar da ke ɗauke da cutar, ya sake kamuwa nan take. Daga kwamfuta ake farawa. A sashen Startup na Task Manager, a danna ɓangaren dama na linzami a kan layin kanun jerin, a zaɓi Command line, sai ainihin abin da kowane suna ke kira ya fito fili. Wanda ba shi da sunan kamfani, sunansa tarkacen haruffa ne, yana kiran wscript.exe, kuma fayil ɗinsa na zaune a AppData ko Temp, abin zargi ne ƙwarai. A fara zuwa sashen Details a tsayar da wscript.exe, domin muddin yana aiki zai iya mayar da duk abin da aka cire. Sannan a kashe shi a jerin, a bi Open file location a goge fayil ɗin, a sa Windows Security ta yi binciken Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfuta ya bincika tun kafin cutar ta farka. Sai bayan haka a waiwayi filash. In harafinsa E ne, a buɗe Command Prompt a rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Fayilolin da aka ɓoye za su dawo, sai a goge gajerun hanyoyin da fayil ɗin .vbs da ke ciki ba tare da an danna su ba.

Ga wanda ke son ganin cikakken jerin, har da ayyukan Task Scheduler da sassan rajista da Settings ba ta nunawa, akwai Autoruns. Mark Russinovich da Bryce Cogswell ne suka rubuta ta a ƙarƙashin Sysinternals, wanda Microsoft ya saya a 2006, kuma kyauta ce a shafin kamfanin. Farkon buɗe ta yana da firgitarwa, don layuka ne ɗaruruwa. A tabbatar an ɓoye na Microsoft daga Options, jerin zai ragu sosai. Layi mai launin rawaya na nufin fayil ɗin da ake kira ba ya nan, mai ruwan hoda kuma ba a tantance sa hannun kamfaninsa ba, wanda ba lallai ya zama cuta ba amma ya isa a tsaya a duba. Tana kuma iya tura zanen yatsan kowane fayil zuwa VirusTotal a gwada shi da injinan kariya masu yawa. Ƙa'idar aiki da ita ita ce a cire alamar da ke gaban layi maimakon a goge shi, a sake kunna kwamfuta a gani. In sauti ya ɗauke ko wani abu ya daina aiki, a mayar da alamar. Wanda ya kama gogewa ba ji ba gani, gyaran gangar Auzinawa zai yi. Manhajojin sata da ake kira crack, da masu "kunna" Windows ko Office kyauta, su ma sukan dasa nasu aikin a Task Scheduler, kuma a nan ake ganinsu.

A watan Oktoban 2023 Microsoft ya sanar cewa zai yi ritayar VBScript a hankali. A Windows 11 nau'in 24H2 ya riga ya koma cikin abubuwan zaɓi da ake iya cirewa daga Optional features, kuma wanda ba ya amfani da tsohuwar manhajar ofis da ta dogara da shi zai iya cire shi yau, ya rufe wa fayilolin .vbs hanya. Sai dai wannan sauyi na Windows 11 ne. Windows 10, wadda aka daina ba ta tallafin yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, tana nan da VBScript ɗinta, haka ma Windows 7 da aka sallama tun Janairun 2020, kuma su ne har yanzu ke kan teburan shagunan buga takardu da dama inda ɗalibai ke layi da filash a hannu.